Bazara, Saƙon Murya Da Ledar Maganin Gwaggo

Duk shekara, da zarar hunturu ya naɗe tabarmarsa, iska ta fara busowa kamar daga bakin tanda, sai wani saƙon murya ya farfaɗo a WhatsApp. Bana ma bai saɓa alkawari ba. Murya ce mai kauri, ta wani mutum da ya buɗe da sallama da salati, ya ce shi ma'aikacin lafiya ne, amma bai faɗi sunansa ba balle asibitin da yake aiki. Maganarsa ba ta da tsawo: duk mai shan maganin hawan jini ya ajiye shi sai ruwan fari ya sauka, domin wai maganin yana tsotse ruwan jiki, yana ƙona ƙoda, shi ya sa tsofaffi ke zubewa a bazara. A maimakonsa a riƙe zoɓo da tafarnuwa. Ya rufe da roƙon a tura wa mutum goma don Allah.

A zauren danginmu gwaggona ce ta turo shi. Ban tsaya rubuta amsa ba, kiranta na yi.

"Gwaggo, ba dai kin bi maganar mutumin nan ba ko?"

"Yau kwanana tara rabona da shi, ɗan nan. Kuma ka ga jirin nan da ke ɗibata in na ɗago daga sujada? Ya tafi."

Amsar nan ce ta zaunar da ni wannan rubutu, domin Gwaggo ba ƙarya ta yi ba. Jirin ya tafi da gaske. Abin da ya zo ya zauna a gurbinsa ne ba ya sallama, ba ya sa ciwo, sai ranar da aka wayi gari baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa. Na gaji da masu kasa ilimin da ba su da shi a wayoyin iyayenmu, su haɗa da salati don kada a yi musu gardama.

Ƙaryar da ta fi wuyar kashewa ita ce wadda aka dama da gaskiya, kuma ta mai muryar nan irinta ce. E, akwai magungunan da ke sa zafi ya fi cin mutum. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma wasu daga cikin na hawan jini suna sahun gaba. Sai dai tsakanin "maganin nan yana son kulawa a bazara" da "ka watsar da shi" akwai tafiya mai nisa, kuma a kan hanyar akwai maƙabarta.

Wanda ya san randa ya san rabin bayanin. Ruwan randa yana yin sanyi ne saboda yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. Haka jikin mutum yake. Yana son zama a wajen digiri 37. In zafi ya taso sai zuciya ta ƙara gudu ta turo jini zuwa fata, fata ta fitar da zufa, ƙwaƙwalwa kuma ta tayar da ƙishirwa don a mayar da abin da ya fita. Da zarar zafin gari ya haura na fata, wato wajen digiri 35, zufar nan ce kaɗai ƙofar da ta rage, kuma a Sakkwato ko Maiduguri ko Birnin Ƙonni, digiri 42 a watan Afrilu ba labari ba ne. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yana iya zubar da lita guda ta zufa ko fiye cikin awa ɗaya. In abin ya fara fin ƙarfin jiki sai galabaita ta zo, da jiri da ciwon kai da tashin zuciya. In ya wuce nan, zafin ciki ya haura digiri 40, hankali ya gushe, to an shiga bugun zafi, wanda ke kisa cikin sa'o'i.

Wani maganin ruwan randar yake ragewa. Su ne ƙwayoyin fitsari irin su Lasix da Moduretic, waɗanda dama aikinsu ke nan, su fitar da ruwa da gishiri don jini ya sauka ko kumburi ya saɓe. A damina ba a jin su. A bazara kuwa fata na fitarwa, ƙoda na fitarwa, in ba a mayarwa sai randa ta yi ƙasa. Wani kuma ƙishirwar yake dusashewa, kamar lisinopril da losartan da 'yan'uwansu (sunayen na bar su yadda suke a jikin kwali don a iya dubawa), kuma sukan bar ƙoda cikin hatsari in ruwan jiki ya yi ƙaranci. Atenolol da propranolol birki suke taka wa zuciya, alhali a zafi so ake ta ƙara gudu don jini ya isa fata. Ga kuma abin da mai muryar bai faɗa ba: zafi shi kansa yana buɗe hanyoyin jini, yana ɗan saukar da awon. Don haka adadin ƙwayar da ya yi wa Gwaggo daidai a Disamba yana iya yi mata yawa a Afrilu. Jirinta aike ne jiki ya yi, cewa a koma a sake auna ta, a duba ko za a rage ko a canza. Ita kuwa sai ta ɗauke shi takardar sallama.

To in an ajiye, me zai biyo baya? Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a ce an sha magani kwana uku ya wuce. Ƙwayar ba cire shi take yi ba, danne shi take yi, kamar dutsen da aka ɗora a kan rufin kwano. Ka sauke dutsen don yau gari ya yi tsit, ka jira ranar da hadari zai taso. Cikin kwanaki ko 'yan makonni jinin zai koma inda yake, kuma ba zai yi maka sallama ba. Masu atenolol da propranolol nasu ya fi muni, domin tsayar da su farat ɗaya yana iya sa zuciya ta zabura, mai ciwon zuciya kuma ya faɗa cikin bugunta. Wanda aka ba Lasix saboda zuciyarsa ta yi rauni, in ya ajiye, ruwan da yake tsoron rasawa shi zai taru masa a ƙafa da huhu, ya kwana a zaune yana haki. Gudun gara ke nan, an faɗa gidan zago. Kuma bazara a ƙasarmu ba mako guda ba ce. Daga Maris ne zuwa Mayu, wani wurin har Yuni. Wata uku ko huɗu mutumin nan yake so a bar jini ya yi ta dukan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ita ƙodar da yake cewa yana karewa, alhali hawan jinin da ba a danne ba yana cikin manyan abubuwan da ke kai mutane layin wankin ƙoda. Kimanin mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya yana da hawan jini. Ka lissafa gida nawa saƙon nan ya shiga.

Zoɓo kuwa ba na raina shi. An gwada, marar suga yana ɗan saukar da jini. Amma wa ya san ƙarfin wanda aka dafa a gidanku, yau kauri gobe tsararo? Wanda ake ƙullawa a leda kuma suga ne ya fi yawa a bakinsa. Abin dariyar ma, shi kansa zoɓon yana sa fitsari.

Ba a kanmu aka fara wannan tambaya ba. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe kimanin mutum 15,000 a Faransa, akasarinsu tsofaffi, da yawansu masu shan magunguna kala-kala. Abin ya girgiza su ƙwarai. Hukumar kula da magungunansu ta zauna ta fitar da jagora kan shan magani a lokacin tsananin zafi, kuma matsayarta ita ce kada a yi wa kowa kuɗin goro a ce ya rage ko ya daina. A duba kowane majiyyaci shi kaɗai, ruwan jikinsa, ƙodarsa, jerin abin da yake sha, sannan a yanke hukunci. Ta kuma ja kunne a kan shan magani ba tare da shawarar likita ba. Mutanen da suka binne 15,000 ba su ce a watsar ba, sai wani da ko sunansa ya kasa faɗa.

Kada kuma a ce mini wannan ciwon Turawa ne, mu 'ya'yan rana ne. Ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, ana cikin azumi. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga rasuwar mutum 102 a kwanaki huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗayansa 130 ne. A Hajjin shekarar 2024 ɗin zafi ya taɓa digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar alhazai 1,301. Sabo da rana gaskiya ne, jiki yana koyon yin zufa da wuri. Amma sabon nan yana tsaye ne a kan fata da zuciya da ƙoda masu aiki, kuma su ne dai magani ke taɓawa.

Yanzu bari in zo inda haushina ya fi yawa. Washegarin ranar da na kira ta na je gidan Gwaggo na ce ta kawo mini duk abin da take sha. Ta miƙa hannu ta jawo wata baƙar leda daga kan taga, inda rana ke dukanta tun hantsi. Ledar har da ɗumi. Na asibiti kala biyu ne, su ne aka jingine. Sauran kuwa: Piriton da take haɗiya kullum da dare don barci ya ɗauke ta a zafin nan, diclofenac na ciwon gwiwa, safe da yamma, ta ce ta fi wata uku a kansa, kwalbar sirof na mura da tari, Buscopan na murɗawar ciki, da gorar wani jiƙo na wankin ciki da maƙwabciya ta kawo mata.

Na ce, "Gwaggo, waɗannan fa, kin ajiye su?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Ai waɗannan ba magani ba ne, na kemis ne."

Nan gizo ke saƙar. Maganin da likita ya rubuta, ya san adadinsa, yake auna mai shansa duk wata, shi aka kora. Waɗanda ba wanda ya san da zamansu kuwa suna nan daram. Piriton da Phenergan da Buscopan, da yawancin sirof ɗin mura masu sa barci, da amitriptyline da ake bayarwa don ciwon jijiya ko damuwa, duk suna da hali guda: suna toshe saƙon da ke umartar fata ta yi zufa. Fenti ne ake shafa wa randa. Ruwa na ciki, amma ba ya tsattsafowa, don haka ba sanyi. Alamarsu a bayyane take, bushewar baki da maƙogwaro, kuma abin da ya busar da miyau shi ne ke rage zufa. Har da cyproheptadine, wanda ke cikin yawancin kayan sha-ka-fashe da 'yan mata ke ɗirka don su yi ƙiba kafin biki. Ƙari a kan haka suna kawo barci mai nauyi, mutum ba ya farkawa ya ji ɗaki ya zama tanda balle ya nemi ruwa. Jiki magayi ne, amma an ɗaure masa baki. Ina roƙon iyaye mata da Allah: yaron da ke kuka da dare a ɗaki mai rufin kwano ba rigima yake ba, zafi yake ji. Ki ba shi ruwa ko nono, ki goge masa jiki da jiƙaƙƙen tsumma, ki yi masa fifita. Ɗura masa sirof don ya yi shiru ba jinya ba ce, Phenergan ma an hana ba wa yaron da bai kai shekara biyu ba.

Sai na ciwon jiki, su diclofenac da Brufen da Feldene, waɗanda muke sha kamar gyaɗa. In ruwan jiki ya ragu, ƙoda tana da dabarar da take buɗe hanyoyinta don jini ya ci gaba da zuwa mata. Waɗannan ƙwayoyi dabarar nan suke kashewa. In aka haɗa su da ƙwayar fitsari da irin su lisinopril a jikin tsoho a cikin bazara, an haɗa abin da likitoci suka daɗe da sanin yana tsayar da ƙoda cikin 'yan kwanaki. Kuma suna ɗaga hawan jini. Idan akwai mai ƙona ƙoda a ledar Gwaggo, ga shi nan, amma saƙon murya bai ambace shi ba. Jiƙon wankin ciki kuwa ba sai na yi dogon bayani ba: mai neman ruwa ne ya je ya sayo gudawa.

Akwai wasu bayin Allah da ba su da bakin faɗa, su ne masu taɓin hankali. Largactil da haloperidol da olanzapine suna rikita ma'aunin zafin da ke cikin ƙwaƙwalwa, Artane da ake haɗa musu da shi yana rage zufa, lithium kuma yana taruwa a jini ya zama guba in ruwa ya yi ƙaranci. Su ne kuma aka fi rufewa a ɗakin baya mai ƙaramar taga. Maganinsu ba abin tsayarwa ba ne, domin ciwon zai dawo da ƙarfinsa. Ɗakin ne abin canzawa, da ruwan da za a riƙa miƙa musu ko ba su tambaya ba. Exol ɗin da samari ke bugawa don maye, shi ne dai sinadarin Artane, sai dai su ba likita ne ya auna musu ba.

Na taɓa ganin ƙarshen wannan hanya da idona a wata kasuwar hatsi. 'Yan dako ne ke sauke buhuna daga tirela. Da safe mai tallan magani ya zagayo da farantinsa, kowa ya karɓi haɗi, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, ja da fari da kore, ba suna ba kwali. Wasu suka kora da lemon ƙara kuzari. Ba sai an gaya maka akwai tiramol da na ciwon jiki a irin wannan haɗi ba. Tiramol ba ƙarfi yake ƙarawa ba, gajiyar da ya kamata ta zaunar da mutum a inuwa ita yake ɓoyewa, ga shi yana kawo jijjiga. Wajen azahar wani saurayi ya sauke buhu, ya fara surutan da ba kai ba gindi, ya zagi ubangidansa, ya yi tangaɗi, ya zube. Jikinsa kamar garwashi. Nan take kasuwa ta cika da likitoci. Wannan ya ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Wancan ya ce maleriya ce ta hau masa kai. Wani ya ruga ya sayo farasitamol yana neman ɗura masa. Wani dattijo mai garuwa ne ya ture mutane, ya ja shi ƙarƙashin rumfa, ya yage masa riga, ya kwarara masa jarka guda daga kai har ƙafa, ya ce a yi ta fifita da kwali. Aka yi masa ca, wai ruwan sanyi a jiki mai zafi zai shanye masa ɓarin jiki. Bai kula kowa ba, ya buɗe jarka ta biyu. Da haka aka sa yaron a a-daidaita-sahu, jiƙe sharkaf, aka nufi asibiti.

Duk taron nan dattijon ne kaɗai ya yi daidai. Ruwan sanyi ba ya shanye jikin wanda zafi ya buga, jinkirin zuba shi ne ke dafa ƙwaƙwalwa. Farasitamol kuwa ba shi da aiki a nan ko kaɗan. A zazzaɓi ƙwaƙwalwa ce da kanta ke iza wutar don yaƙar ƙwayar cuta, farasitamol ya je ya ce mata ta rage. A bugun zafi wutar daga waje take, ƙwaƙwalwar ma neman agaji take yi. Bugun zafi yana ji wa hanta da ƙoda, sai kuma a ƙara wa hantar kaya da farasitamol, ko a ƙara wa ƙodar da Brufen. Ballantana ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa abu a baki, ko da ruwa ne, yana iya wucewa huhu. Kuma tunda bazara lokacin sanƙarau ce, maleriya ma tana gusar da hankali, ba a tsayawa a gida ana duba. A sanyaya shi, a kwantar da shi ta gefe, a tafi asibiti ana ci gaba da zuba ruwa a hanya. Kada a jira wai sai fata ta bushe, mai aikin ƙarfi yana iya faɗuwa da zufarsa. Gushewar hankali ita ce alamar.

Tabbas rashin wuta, da rufin kwano ba silin, da sare itatuwa, da tsufa da ƙiba duk suna da nasu kason. Amma waɗannan ba a leda suke ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai shan magani na dindindin, na hawan jini ko suga ko zuciya ko farfaɗiya ko ƙwaƙwalwa, ya je ganin likitansa tun a Fabrairu ko farkon Maris. Ya tafi da ledar gaba ɗaya, har da na kemis, har da jiƙo da tsimi, har da wanda yake jin kunyar nunawa. Likita ba boka ba ne, abin da aka nuna masa shi yake gani. Ka tambaye shi kai-tsaye: cikin waɗannan wanne ne ke rage ruwa ko zufa? Ruwa nawa zan sha a yini? In amai ko gudawa suka kama ni, wanne zan dakatar, na kwana nawa? Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin akwai ranar da dakatar da ƙwayar fitsari ko lisinopril ko metformin na masu suga shi ne daidai, na kwana ɗaya ko biyu har ciki ya tsaya. Amma wanda ya san jininka da ƙodarka shi zai faɗa, kuma zai faɗi ranar komawa. In ganin likita ya yi wuya, ƙwararren mai harhaɗa magunguna ya fi yaron da aka bar wa jiran shago. In jiri ya fara, a auna jinin a zaune da kuma a tsaye, a rubuta a takarda, a kai asibiti a makon. Kafin nan a riƙa tashi a hankali, daga kwance zuwa zaune, a ɗan jira, sannan a miƙe.

Ruwa kuma kada a jira ƙishirwa, musamman tsofaffi, domin tasu ƙishirwar dama ta yi rauni kafin magani ya ƙara dusashe ta. A ajiye musu kofi kusa da hannu, a riƙa sha kaɗan-kaɗan tun safe. Fitsarin da ya yi ja ya kuma ƙaranta alama ce ta ƙarancin ruwa, sai dai mai shan ƙwayar fitsari nasa yana iya fita fari tas alhali jikinsa a bushe yake, don haka shi ya lura da bushewar baki da kasala da jiri. Wanda kuma likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, kada ya bi masu cewa a yi ta ɗirka. Ya koma ya tambayi adadinsa na bazara. Garin gishiri da suga na kemis, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ake kaɗawa, wato ledar fiya-wata biyu. Yana da amfani ga wanda ya zubar da zufa mai yawa ko yake gudawa, amma mai hawan jini ko ciwon ƙoda kada ya mayar da shi abin sha na kullum.

Batun azumi ba zan shiga hurumin malamai ba, sai dai kowa ya san addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Mai ƙwayar fitsari ko maganin suga ya tambayi likita tun kafin ganin wata, ko zai iya, da kuma wane lokaci zai riƙa sha tsakanin buɗa-baki da sahur. Maniyyata aikin Hajji su ma kada su ɓoye magungunansu wajen gwajin lafiya don tsoron a hana su kujera.

Wanda maganinsa ke rage zufa, to a yi masa zufar aro. A jiƙa zani ko tawul a yafa, a yayyafa ruwa a fata, sannan a kunna fanka ko a yi fifita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in zafi ya haura digiri 40, fanka ita kaɗai ƙara dumama jiki take yi, don haka ruwan ne ke aikin, iskar taimako ce. Aikin ƙarfi a mayar da shi sassafe ko bayan la'asar. Tsohon da ke zaune shi kaɗai a leƙa shi sau biyu a yini, a yi masa magana a ji ko amsarsa na kan hanya.

Shi kansa maganin zafi yana cinsa. Duba jikin kwali, yawanci an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, wasu ma 25. Kan taga, aljihun mota, saman firijin da ba wuta, farantin mai talla da ya yini a rana, duk sun wuce haka. A nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a sa a akwati nesa da rana da hannun yara. Insulin ya fi kowanne rauni, zafi yana rage masa ƙarfi ba tare da kamanninsa sun canza ba. Inda ba wuta, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana taimakawa ƙwarai. A sa kwalbar a cikin roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta. Ƙwayoyi kam kada a sa su a can, laima tana lalata su.

Da ƙyar na shawo kan Gwaggo muka tafi asibiti ranar Talata, ledar na hannuna. Da aka auna ta, na saman ya haura 180. Likitar, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yar Gwaggo ba, ta zazzage ledar a kan tebur ta yi ta warewa gida biyu. Ta aika mu gwajin ƙoda. Da sakamako ya fito ta mayar da ita kan maganin jininta, ta rage ƙwayar fitsarin, ta ce a dawo bayan mako biyu a sake aunawa. Diclofenac da Piriton da sirof da gorar jiƙo ta tura su gefe guda.

"Mama, waɗannan ki bar mini su a nan."

Gwaggo ta ce, "To gwiwar fa, 'yar nan? Da barcin?"

Aka rubuta mata na shafawa, aka ce ta riƙa watsa ruwa kafin ta kwanta, ta fito da katifarta tsakar gida cikin gidan sauro. A hanyar dawowa wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Wani sabon saƙon ne, wannan karon a kan ruwan ƙanƙara da ciwon hanta. Ta miƙo mini wayar ta ce in fara saurara tukuna.